Gudalin Sakkwato: Me ya sa farin jininsa ke hawa yana sauka?

Duk ɗalibin da ya taɓa zama don shirin jarrabawar darasin noma ya haddace jerin nan na ire-iren shanun Najeriya. Ana rera su kamar karatun allo, a zuba su a takardar amsa, a fito a manta. A cikin jerin akwai suna guda da ya kamata ya sa ɗan Sakkwato ya ɗaga kai, wato Sokoto Gudali. Abin dariyar shi ne, da yawa daga cikinmu mun rubuta sunan nan mun ci maki, alhali ba mu san cewa shi ne farin san nan mai guntun ƙaho da ake turkewa a lungunan Minanata da sauran unguwannin birni ana jiran Sallah ba. Makiyaya da dillalai suna ce masa Bokolo, Fulani kuma su ce Bokoloji idan suna da yawa.

Wannan sa ya ga zamani iri-iri. An yi lokacin da ake masa kallon saniyar mazauna gari wadda ba ta da kwarjini, aka zo lokacin da makiyaya suka riƙa canza garkensu domin su same shi, yanzu kuma ga wani zamanin da masu kuɗi ke ganin ba a ci gaba ba sai an cakuɗa jininsa da na shanun Turai. Halittarsa tana nan yadda take. Abin da ke sauyawa shi ne abin da mutane ke nema a wurin saniya, da kuma abin da ƙasa ke iya ciyar da ita da shi.

Yadda za ku gane shi

Ku je kasuwar Kara a ranar da aka cika, ku tsaya gefe ku duba. Za ku ga fararen shanu masu matsakaicin ƙaho mai lanƙwasa sama da baƙaƙen kunnuwa. Waɗannan su ne Bunaji, waɗanda littafi ke kira farar saniyar Fulani. Za ku ga jajaye masu tsawon ƙafa da ƙahoni manya, su ne Rahaji. Sai kuma wani mai kauri, mai faɗin ƙirji, wanda ƙahonsa ɗan guntu ne, wani lokaci ma kamar babu. Launinsa fari ne ko ruwan toka, yakan yi duhu a wajen kafaɗa da wuya, musamman namiji. Kunnuwansa sun ɗan faɗo, tozonsa a cike yake, fatar ƙarƙashin wuyansa kuma tana reto har ƙirji, haka ma ta wajen cibiya. To, kun ga Gudali.

Masana kiwo sun rubuta cewa sunan daga Hausa ya fito, yana nufin dabba mai gajeren ƙaho da gajerun ƙafafu. Yana da dangi a Adamawa da ƙasar Kamaru, su ma Gudali ake ce musu, amma namu na Sakkwato shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Bijimin da ya samu kulawa yakan kai kilo 500, wani ya wuce, mace kuwa takan tsaya wajen kilo 300 zuwa 350.

Fatar nan mai reto ba ado ba ce kawai. Dabbar da ke da sakakkiyar fata mai faɗi tana da wurin fitar da zafi da yawa, farin gashi kuma yana mayar da hasken rana maimakon ya shanye shi. Wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, ya san darajar wannan baiwa.

Lokacin da ƙaho da ƙafa ke da daraja

A da can, darajar saniya a wurin makiyayi mai yawo tana ga ƙafarta. Da rani sai an yi tafiya mai nisa neman ciyawa da ruwa, da damina a dawo. Sannan shanun da za a sayar a Kudu da ƙafa ake kora su, makonni ana tafiya zuwa Ilori da Ibadan. Ko da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, sai an kora dabba zuwa tasha tukuna. A irin wannan rayuwa, Rahaji mai dogayen ƙafafu shi ne gwani. Ga shi da ƙaho mai ban sha'awa wanda Bororo ke alfahari da shi, ga shi makiyaya na yabonsa da cewa ba ya yarda da baƙo, mai shi kaɗai yake bi. Gudali kuwa mai nauyin jiki ne, mai sanyin hali, doguwar tafiya ba ta cikin abin da aka san shi da shi. Saboda haka ya fi zama a hannun Fulanin da suka zauna wuri ɗaya da manoman kwarin Rima da kewaye.

Sanyin halin nan da wasu suka raina shi ne ya fara buɗe masa wata ƙofa. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta soma koya wa manoman Arewa huɗa da garmar shanu. Manomi ba ya son san da zai tunkuye shi ko ya tsere da garma. Yana son mai ƙarfi, mai haƙuri, wanda ko yaro zai iya riƙe igiyarsa. Har gobe idan kuka ga shanun huɗa ko masu jan amalanke a ƙauyukan Sakkwato da Kebbi da Zamfara, da wuya ku rasa Gudali a ciki.

Da ciyawa ta ƙare

Babban sauyin ya zo ne da fari. An yi na farkon shekarun 1970, aka sake yin wani a 1983 zuwa 1984, wanda ya haɗu da annobar bushiya da ta kashe shanu masu ɗimbin yawa a Najeriya. Ita dai bushiya an gama da ita, domin a 2011 aka sanar da cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Amma matsalar ciyawa ba ta tafi ba. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun cinye dazuzzukan kiwo da burtali, fadamun da shanu ke samun ɗanyar ciyawa da rani suka koma na noman albasa da shinkafa da tumatir.

A nan ne wata baiwa ta Gudali ta fito fili. Bunaji saniyar ciyawa ce, idan ciyawa ta ƙare sai ta rame. Gudali kuwa yana cin ganyen itatuwa da 'ya'yansu, cikinsa kuma yana sarrafa su da kyau. Makiyayi zai hau bishiya ya saro masa reshe, ko ya kakkaɓo masa 'ya'yan gawo, ya ci ya ƙoshi. Shi gawo kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, daidai lokacin da dabba ke cikin yunwa. Wani masani ɗan Ingila mai suna Roger Blench, wanda ya daɗe yana nazarin kiwo a Najeriya, ya rubuta cewa makiyaya Fulani da suka ga ciyawa na ɓacewa sun riƙa barin Bunaji suna komawa ga Gudalin Sakkwato saboda wannan dalili.

A 1990 an yi wani babban ƙidayar dabbobi a ƙasar nan, har da amfani da jirgin sama. An kiyasta shanun Najeriya a kan kusan miliyan 14. A cikinsu Bunaji ne kan gaba da kusan kashi 37 cikin 100, Gudalin Sakkwato na biye da kusan kashi 32, sai Rahaji da kashi 22. Wato a lokacin, kusan saniya ɗaya cikin kowace uku a Najeriya mai ɗauke da sunan garinmu ce. Wanda a da ake ganin na yanki ɗaya ne, sai ga shi ya bazu har jihohin Neja da Kwara.

Sannan tirela ta zo ta gama sauya lissafi. Yanzu ana loda shanu a Illela ko Acida, cikin kwana biyu ko uku suna Legas. Mai saye a can ba ya tambayar ko san ya iya tafiya, ba ya kuma biyan kuɗin ƙaho. Hasali ma dogon ƙaho cikas ne a cikin mota, yana cin wuri yana raunata na kusa. Abin da mahauci ke dubawa shi ne cinya da gadon baya da ƙirji, domin idan aka yanka aka feɗe, aka cire kai da ƙafa da fata da kayan ciki, abin da ke saura wajen rabin nauyin dabbar ne. Gudali mai cikar jiki ya dace da wannan ciniki.

Turka a cikin gari

Wannan ne ya kawo mu unguwa. Kiwon turka ya zama sana'ar ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure, har da ɗalibai masu ɗan jari. A sayi sa ramamme bayan girbi ko tsakiyar rani, a ba shi maganin tsutsar ciki, a ɗaure shi a inuwa, a riƙa ba shi harawa da dusa da ƙowa da ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya, ga kanwa ga ruwa. Bayan wata uku ko huɗu a fitar da shi, ko dai ga mahauta, ko ga masu haɗa kuɗi su yi layya, ko masu watanda. San da ke samun abinci mai kyau yana iya ƙara fiye da rabin kilo a kowace rana.

Dabbar da za a ajiye a gida mai yara, a lungu mai ƙunci, dole ta kasance mai haƙuri. Ku yi tunanin a ɗaure Rahaji mai ƙaho kamu guda a ƙofar gida a Minanata, inda 'yan makaranta da masu babur ke wucewa. Ba za a kwana biyu ba sai an kai ƙara wurin mai unguwa. Gudali kuwa yana tsaye yana tuƙa, ko kallo ba ku ishe shi ba.

Akwai kuma wani dalili mai ɗaci. Satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara da gabashin Sakkwato sun raba iyalai da dama da garkunansu, sun kuma sa ajiye shanu masu yawa a daji ya zama kasada. Wanda ke da hali yanzu ya fi son 'yan kaɗan a kusa da gari inda idonsa ke kansu. Irin wannan kiwo na Gudali ne.

Zamanin shanun Turai

Sai dai a daidai lokacin da yake cin kasuwar nama, ya samu kishiya a wajen nono. A cikin shanunmu na gida, Gudali na cikin waɗanda suka fi ba da madara. A tashar bincike, inda ake ciyar da ita yadda ya kamata, saniyar Gudali kan ba da lita 1,000 zuwa 1,500 daga haihuwa zuwa yaye. A ruga, inda maraƙi ke shan rabonsa kuma abinci ke ƙaranci, abin da ake tatsa a rana bai fi lita ɗaya ko biyu ba. To sai ga Firiziyan, baƙa da farar saniyar nan mai asali daga Holan, wadda a Amurka ke ba da wajen lita 10,000 a shekara. Wa zai ji wannan lissafi bai yi sha'awa ba?

Shi ya sa masu manyan gonaki suka koma ga haɗa jini, ko ta hanyar sayo bijimin waje, ko ta hanyar likitan dabbobi ya sanya wa saniya irin bijimin da aka adana cikin sanyi. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, wadda aka fi sani da NAPRI, ta daɗe tana gwada haɗa Firiziyan da Bunaji. Ita ma gwamnatin jihar Sakkwato ta taɓa ƙulla shirin inganta irin shanu da wani kamfani daga ƙasar Ajantina. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo, maganar inganta iri na cikin abin da ake ta tattaunawa.

Ba mu ce haɗa jini laifi ba ne. 'Yar farko da aka haifa tsakanin Gudali da Firiziyan takan yi kyau ƙwarai, ta ɗauko nonon dangin uba da juriyar uwa. Matsalar tana zuwa ne daga baya, kuma lissafi ne da kowane ɗan aji uku zai iya yi. 'Yar farko rabi da rabi ce. Idan aka sake ba ta bijimin Turai, abin da za ta haifa kashi 75 cikin 100 na Turai ne. A sake, ya zama 87.5. Kafin a ankara an samu dabbar da ke haki tun hantsi, mai bukatar fanka da ruwa mai yawa da abinci mai tsada, wadda kaska da cututtukanmu ke kayarwa cikin sauƙi. Attajiri mai rijiyar burtsatse da likita zai iya riƙe ta. Talakan da ke da saniya biyu, idan ɗaya ta mutu, rabin dukiyarsa ce ta tafi.

An taɓa ganin irin haka a maƙwabta. A tashar Wakwa da ke kusa da Ngaundare a Kamaru, a shekarun 1950 aka haɗa Gudalin can da Birahman na Amurka domin a samu nama mai yawa. 'Ya'yan sun yi girma kamar yadda ake so, amma cutar kirci, mai ɓata fata, ta addabe su fiye da yadda take yi wa na gida. Daga baya masu binciken suka koma suna zaɓen nagartattu a cikin tsantsar Gudali.

Aibinsa, da inda laifin yake

Kada mu yi masa yabon ɗan kuturu. Gudali yana da jinkirin girma. A kiwon gargajiya karsana takan kai shekara huɗu kafin haihuwar fari, sannan tsakanin haihuwa da haihuwa a yi shekara ɗaya da rabi ko biyu, alhali cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki. Ba ya jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, don haka a dazuzzukan Kudu masu duhuwa ƙananan shanu irin su Muturu sun fi shi. Naman tsohon sa kuma yakan yi tauri, ko da yake mai kilishi da mai dambun nama ba su cika kuka da wannan ba.

Amma wani ɓangare na jinkirin nan yunwa ce ke kawo shi. Dabbar da ke ƙiba da damina ta zube da rani, kowace shekara tana komawa baya kafin ta ci gaba. Wani ɓangaren kuma namu ne. Ku lura da abin da ke faruwa kafin Sallah: san da ya fi kowanne girma da kyau shi ne ke fara tafiya kasuwa, domin shi ke kawo kuɗi. Wanda ya rage a garke yana barbara sau da yawa shi ne wanda dillali ya ƙi taya. Manomin da ke cinye damin gero mafi kyau ya ajiye ƙanana don iri, kun san abin da zai girba baɗi.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya. Birazil ta fi kowace ƙasa fitar da naman shanu zuwa waje, kuma mafi yawan shanun namanta masu tozo ne kamar namu, ana ce musu Nelore, asalinsu daga Indiya. Abin da suka yi shi ne awo da rubutu: wane maraƙi ne ya fi saurin girma, wace saniya ce ke haihuwa duk shekara, wane bijimi ne 'ya'yansa suka fi kyau. Suka riƙa ajiye nagari don iri, shekara da shekaru. A Kenya an yi wa shanun Boran haka, har ƙasashe irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu suka nemi irinsu. Nan kusa da mu ma, a Jamhuriyar Nijar, tashar Tukunus da ke yankin Filinge ta shafe shekaru tun daga 1950 da wani abu tana tace irin shanun Azawak. Makiyayanmu suna da ilmin zaɓe, Bafulatani na iya lissafo maka uwar saniya da kakarta da ka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sikeli da littafi, da kuma tsarin da zai sa mai bijimi nagari ya samu riba idan ya ajiye shi maimakon ya sayar wa mahauci. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi, masu sha'awar wannan fanni ba sai sun yi nisa ba.

Ku gwada wannan a gida

A kasuwanninmu da ido ake cinikin sa, dillali ya dafa gadon baya ya faɗi kuɗi. Amma kuna iya kiyasta nauyinsa da tef ɗin awo irin na tela. Ku auna kewayen ƙirjinsa daidai bayan ƙafafun gaba, a bayan tozo, da santimita. Sannan ku auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Ku ninka awon ƙirji da kansa, ku ninka da tsawon, ku raba da 10,840. Abin da ya fito shi ne nauyin a kilo, bisa kiyasi. Misali, idan ƙirji 170 ne, tsawo 140, to 170 sau 170 ya ba da 28,900, sau 140 ya zama 4,046,000, a raba da 10,840, san yana wajen kilo 373.

Shekarunsa kuma a baki suke. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, guda takwas ne a ƙasa. Idan manya biyu na tsakiya sun fito sun maye gurbin na nono, ta kai wajen shekara biyu. Idan takwas ɗin duka sun zama manya, ta kusa biyar ko ta wuce.

Wanda gidansu ko maƙwabtansu ke turka, ya nemi izini ya riƙa yin awon nan duk bayan mako biyu, da safe kafin a ba da abinci, ya rubuta kwanan wata da nauyi da kuɗin abincin da aka kashe. Kafin Sallah zai iya gaya wa mai san nawa kowane kilo ya ci masa, da kuma makon da dabbar ta daina ƙaruwa ta koma cin riba. Ƙungiyar matasa manoma ta makaranta na iya haɗa alƙaluman gidaje goma ta kwatanta Gudali da Bunaji. Amma a tabbata babba yana riƙe da igiya, a tsaya ta gefen kafaɗa, kada a bi ta baya, domin ko Bokolo mai haƙuri yana harbi idan tef mai sanyi ya taɓa shi ba zato.